Karen gadi ya ciji mai kula da shi: son mulki ne ko tsoro?

Mai Gonar Kaji, Zariya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san halin karnukan aiki, domin wani al'amari ya taso mini wanda ya fi ƙarfin sanina. Ina da gonar kaji a bayan garin Zariya, kuma bayan ɓarayi sun haura mana katanga sau biyu a damunar bara, sai na sayi karen gadi irin wanda ake kira Alseshiyan daga hannun wani mutum da ya ce ya riga ya horar da shi. A lokacin yana da wata 9 da haihuwa, yanzu kuwa ya kai wata 20. Da rana a ɗaure yake da sarƙa a bayan ɗakin ajiyar dusa, da dare kuma mai gadi ya kwance shi ya yi ta zaga gonar har asuba.

Da farko ba mu ga wata matsala ba. Kimanin wata 3 da suka wuce ne ya fara gurnani idan yaron da ke ba shi abinci ya zo ɗauke kwano, haka kuma idan mai gadi ya sunkuyo da safe zai maƙala masa sarƙa a wuya. Na kira wanda ya sayar mini da shi, ya ce karen ya girma ne ya fara raina mu, yana neman ya zama shugaban gidan, kuma maganinsa shi ne duk lokacin da ya yi gurnani a zuba masa dorina, sannan a kayar da shi a danne wuyansa a ƙasa har sai ya daina motsi. Muka bi wannan shawara na 'yan makonni, gurnanin kuwa ya tsaya cak, har na yi zaton an shawo kan lamarin. Ranar Talatar makon jiya, mai gadi ya sunkuya zai sa masa sarƙa kamar kullum, sai karen ya cafke masa hannu ba tare da ya yi ko da ƙaramin sauti ba. Mun kai shi asibiti an wanke raunin an yi masa allura, kuma yana samun sauƙi, alhamdu lillahi.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da karen ya saki hannun, sai ya ruga bayan wata durom ya laɓe, wutsiyarsa a matse tsakanin cinyoyi, har fitsari ya saki. Amma wannan karen ne da dare yake tsayawa a bakin katanga yana haushi kamar zai tsaga ƙasa, babu wanda zai ji shi ya iya matsowa. Shin wannan son mulki ne kamar yadda aka gaya mini, ko kuwa tsoro ne? Ta yaya ake rarrabe su? Kuma zai gyaru, ko in haƙura in rabu da shi? Mai gadin nan mutum ne mai iyali, ba na son in sake jefa shi cikin haɗari.

Likitan Dabbobi, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa mai gadinku lafiya. Kafin in shiga bayani, ina roƙon a ajiye dorinar nan daga yau, kuma kada kowa ya sake danne karen a ƙasa, domin fuskar mutum ce take kusa da bakinsa a lokacin da ake yin haka.

Maganar cewa kowane kare yana fafutukar zama shugaban gida tana da asali, kuma sanin asalin yana taimakawa. A shekarar 1947 wani masanin dabbobi mai suna Rudolph Schenkel ya wallafa abin da ya lura da shi a kan kyarketai a gidan namun daji na Basel da ke ƙasar Suwizalan. Waɗannan kyarketai an tattaro su ne aka tsare a shinge ɗaya, babu wanda zai iya barin wurin, saboda haka suka yi ta faɗa a kan matsayi. A 1970 wani masani Ba'amurke, David Mech, ya yaɗa wannan fahimta a wani littafinsa da ya shahara, daga nan masu horar da karnuka suka ɗauka. Daga baya shi Mech ɗin ya yi shekaru yana zuwa tsibirin Ellesmere da ke arewacin Kanada yana kallon kyarketai a dajinsu, kuma a 1999 ya rubuta cewa garken kyarkeci na daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu, iyayen kuma suna jagoranci ne saboda su suka haifi sauran, ba don sun ci gasar faɗa ba. Tun daga lokacin yake neman a daina amfani da tsohuwar fassarar. A 2008 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ma ta fitar da matsaya tana gargaɗi a kan horar da kare da wannan tunani.

Abin da masana ke nufi da mulki a tsakanin dabbobi ya fi wannan ƙanƙanta. Dangantaka ce tsakanin dabbobi biyu da suka san juna, wadda take fayyace wanda zai fara kaiwa ga abinci ko wurin kwanciya ko mace, kuma yawanci takan tabbata ne saboda ɗayan ya saba ja da baya. Kare ɗaya zai iya zama na gaba a wurin wannan, ya zama na baya a wurin wancan.

Yanzu mu dawo kan naka. Jikin kare yana faɗin abin da ke ransa kafin bakinsa ya faɗa. Kare mai jin tsoro yakan mayar da nauyinsa kan ƙafafun baya, ya kwantar da kunnuwa, ya matse wutsiya, ya kau da fuska yana kallonka ta gefen ido har farin idon ya bayyana, kuma idan ya yage baki kusurwar leɓɓansa takan ja baya sosai har a ga haƙoran ciki. Kare mai jin kansa yakan miƙe tsaye nauyinsa a gaba, kunnuwa a tsaye, wutsiya a sama a sandare, ya kafe ka da ido, leɓɓansa kuma su tattaru gaba, haƙoran gaba kaɗai ke fitowa. Tashin gashin baya ba ya rarrabe su, domin duka biyun suna yi. Karen da ya yi cizo ya gudu ya laɓe yana sakin fitsari ya riga ya amsa tambayarka da jikinsa.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne gurnanin da ya tsaya. Kare ba ya fara da cizo. Yakan fara da lasar hanci da hamma ba ta barci ba, ya juya kai, ya yi ƙoƙarin matsawa, sannan ya sandare, ya yi gurnani, ya yage baki, ya kai cizo a iska, sai a ƙarshe ya kama. Karenka yana kan sarƙa, saboda haka matsawa ba ta yiwuwa, abin da ya rage masa shi ne gurnani, wanda ma'anarsa roƙo ne a ba shi sarari. Dorina ta koya masa cewa gurnani yana jawo duka, amma ba ta cire abin da yake tsoro ba, ta ma ƙara masa dalilin tsoron hannun da ke nufo wuyansa. Da tura ta kai bango sai ya tsallake gargaɗin ya tafi kai tsaye ga cizo. A 2009 masu bincike a Jami'ar Pensilbaniya sun tambayi masu karnuka 140 da suka nemi taimakon asibitinsu, suka samu cewa kashi 43 cikin 100 na karnukan da aka doka ko aka shura sun mayar da martani da faɗa, haka kuma kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka kayar aka danne a kan bayansu. Gaskiya ne waɗannan karnuka ne da dama suke da matsala, amma naka ma yanzu cikin wannan rukuni yake.

Ina da tambayoyi biyu. Me ke faruwa da karen da rana lokacin da yake ɗaure, wa ke wucewa ta wurin? Kuma ka lura da wani canji a jikinsa, kamar ɗingishi, ko wahalar tashi, ko girgiza kai? Kare da ya yi wata 8 lafiya sannan ya fara ƙin a taɓa shi, ciwo ne abu na farko da nake nema.

Tsohon Mai Riƙon Kare, Jos:

Ranka ya daɗe Likita, na yarda da hukuncinka a kan wannan karen, amma ina so in ƙara wani abu don kada mai karatu ya ɗauka cewa duk karen da ya ciji mai shi matsoraci ne. Na yi shekaru 14 ina riƙe karnukan tsaro a wani kamfani, na riƙe Alseshiyan, na riƙe Malinwa na Beljiyam, kuma a cikinsu na gamu da biyu ko uku da babu ɗigon tsoro a tare da su. Irin wannan kare idan aka sauya masa mai riƙo, zai kwanta a kan abin wasansa ya zuba maka ido shiru, kana matsowa yana ƙara miƙewa. Idan ya kama, da cikakken baki yake kamawa ya riƙe, bayan an raba ku kuma sai ya tsaya a wurin yana numfashi kamar babu abin da ya faru. Matsoraci kuwa da haƙoran gaba yake fizga, sau ɗaya ko sau biyu da sauri, ya saki ya ja baya, kuma ya fi son kama mutum lokacin da ya juya zai tafi. An zaɓo irin waɗannan karnukan aiki ne tun kaka da kakanni don kada su ja da baya, don haka ba abin mamaki ba ne a samu wanda zai gwada sabon mai riƙo.

Sai dai su ma ban taɓa ganin duka ya gyara su ba. Karen da aka horar don ya jure sandar ɓarawo, idan ka ɗaga masa sanda ka gayyace shi ne zuwa aikin da ya fi ka iyawa. Abin da muke yi shi ne, komai da yake so sai ya biyo ta hannunka: abinci daga hannunka bayan ya zauna, fita daga keji bayan ya natsu, wasa kuma kai ka fara kai ka rufe. Idan kana so ya saki abu, ka nuna masa wani wanda ya fi shi, ya saki wancan ya karɓi wannan, har ya gane cewa sakin abu a gabanka riba ne. Cikin makonni kaɗan yakan dawo yana kallon fuskarka kafin ya yi komai. A wani bincike da aka wallafa a 2008 a kan karnukan sojojin Beljiyam, an ga cewa karnukan da aikinsu ya fi rauni su ne waɗanda masu riƙonsu suka fi yi wa horo mai zafi, irin fizgar sarƙa da rataye su da abin wuya. Ni abin da na gani da idona ke nan tun kafin in ji labarin binciken.

Alhaji, game da haushin da yake yi a bakin katanga, kada ya ruɗe ka. Duk wanda ya wuce ta bayan katanga dama wucewa zai yi, amma karen yana ganin haushinsa ne ya kore shi, kuma kowane dare yana samun wannan nasara sau da yawa. A haka matsoracin kare yake koyon tsayawa da ƙirji a gaba har ya yi kama da jarumi. Mu a wurin aiki ba ma ɗaukar irinsa, domin ranar da ɓarawo ya diro ya nufo shi da gaske zai iya gudu, kuma ranar da yaro ya matso kusa da shi a lungu zai iya cizo. Masu sayar da karnuka da yawa suna tsokanar kwikwiyo a kan sarƙa har ya koyi zabura, sannan su kira shi horarre, mai saye kuma yana ganin haƙora sai ya biya.

Ɗan Mafarauta, Birnin Kudu:

Ni ba ni da ilimin boko a kan wannan, amma a gidan farauta na tashi, kuma mahaifina bai taɓa zama da karnuka ƙasa da 6 ba. A cikinsu kullum akwai babba, wanda idan aka zuba abinci shi ke fara sa baki, idan aka shiga daji kuma sauran shi suke bi. Abin da na lura shi ne, wannan babban shi ya fi kowa ƙarancin faɗa, kallo ɗaya yake yi ƙaramin ya kau da kai. Masu yawan hayaniya da cizon 'yan'uwa su ne na tsakiya waɗanda ba su san matsayinsu ba. Kuma ban taɓa ganin babban ya nemi ya mulki Baba ba, domin ya san Baba ba kare ba ne, shi ne mai kai shi daji. Karnukanmu tun suna 'yan kwikwiyo suke cikin mutane, yara suna ɗaukarsu, shi ya sa ba sa tsoron hannu.

Ma'aikaciyar Jinya, Kano:

Alhaji, don Allah a tabbatar cewa allurar da aka yi wa mai gadin ta haɗa da ta rigakafin ciwon haukar kare, kuma ya cika dukkan ranakun da aka rubuta masa, domin mutane da yawa suna tsayawa bayan ta farko idan rauni ya fara warkewa. A duba takardar rigakafin karen a ga ko ba ta wuce lokaci ba, sannan a sa masa ido na kwana 10 daga ranar cizon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma idan alamunsa suka bayyana kusan babu mai tashi. Ga duk mai karantawa, wanda kare ya ciza ya fara wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 kafin ya nufi asibiti.

Mai Gonar Kaji, Zariya:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah ya saka da alheri. Hajiya, mai gadi yana kan karɓar alluran, saura biyu, kuma an yi wa karen nasa rigakafin wata 7 da suka wuce, takardar tana hannuna. Yau kwana 9 ke nan yana ci yana sha kamar yadda ya saba.

Likita, tambayoyinka sun sa na je na zauna daga nesa na kalle shi jiya da rana, abin da ban taɓa yi ba tun da na saye shi. Na ga yana yawan girgiza kai yana karce kunnen hagu da ƙafa, kuma yaron da ke ba shi abinci ya ce akwai wari da ke fitowa daga kunnen tun tuni, bai ɗauka wani abu ba ne. Sannan inda muka ɗaure shi yana jikin katangar da yara ke bi idan sun taso daga makaranta, na ga duwatsu da yawa a wurin, mai gadi kuma ya tabbatar mini suna jifansa ta saman katanga. Raina ya ɓaci ƙwarai da na tuna cewa a kan wannan wuyan da wannan kunnen muka riƙa danne shi da umarnina. Ta ina zan fara?

Likitan Dabbobi, Kaduna:

Ka fara da kunnen, Alhaji. Ciwon cikin kunne yana da zafi ƙwarai, kuma duk wanda zai maƙala sarƙa dole hannunsa ya bi ta gefen kunnen, don haka da alama tun daga nan gurnanin ya samo asali. Tun da kana Zariya, asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai. Ka gaya musu tun kafin ku je cewa karen ya taɓa cizo, domin su shirya, wataƙila sai sun yi masa allurar kwantar da jiki kafin su leƙa kunnen. Su duba ƙugunsa a lokaci guda, domin wannan irin kare yana yawan fama da ciwon gaɓar ƙugu. Kada a ɗiga masa wani magani a gida kafin a duba.

Abin da ɗan'uwanmu mafarauci ya faɗa ya dace da abin da masu bincike suka gani a 2010 a cikin karnukan da ke yawo sake a gefen birnin Rum na Italiya: akwai manya da ƙanana a tsakaninsu, manyan shekaru ne a sama, kuma ladabin da ƙaramin ke nunawa shi ya fi bayyana matsayin. Maganarsa ta kwikwiyo ma tana da tushe, domin Scott da Fuller sun nuna a 1965 cewa daga mako na 3 zuwa na 12 ne kwikwiyo yake koyon sabawa da mutane, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba mu san yadda naka ya yi waɗannan makonni ba, shi ya sa ba zan yi maka alkawarin zai zama karen da kowa zai shafa ba. Na kuma yarda da Malam na Jos cewa akwai karnuka masu jin kansu, sai dai a cikin waɗanda ake kawo mini saboda cizon mutanen gida, ba su da yawa.

A ɗauke shi daga jikin katangar nan yau. A gina masa keji mai inuwa da ruwa da ƙofa, ta yadda da safe za a jefa abinci ciki ya shiga da kansa a rufe, babu buƙatar kowa ya taɓa wuyansa. Kada a sake ɗauke kwano yana ci, a bari sai ya fita. Mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙa kula da shi, ya tsaya a gefe ba tare da ya sunkuyo kansa ko ya kafe shi da ido ba, ya jefa masa ɗan nama ya wuce, sau da yawa a rana. Idan jikin karen ya saki a wannan tazara sai a rage ta da taki ɗaya, idan ya sandare ko ya yi gurnani sai a koma baya, domin gurnanin da ya dawo alama ce mai kyau, kuma kada a hukunta shi. Bayan kunnen ya warke a koya masa sa takunkumi ta hanyar sa abinci a cikinsa har ya riƙa cusa baki da kansa, sannan a dawo kan abin wuya a hankali. Yara kada su kusance shi ko kaɗan. Mai gadin da aka ciza kuma kada a tilasta masa, idan zuciyarsa ba ta kwanta ba a ba wani aikin. Ka rubuta abin da kake gani kowace rana, bayan mako 6 da gama maganin kunnen ka dawo mana da shi, a lokacin ne za a iya cewa ko ya ci gaba da gadin gonar ko a nema masa wani wuri.